Mahaifiyata ba ta sakin jiki idan na kira ta ta bidiyo, ina neman shawara

Baƙon Jidda ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi wa jama'ar wannan zaure fatan alheri, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina, domin al'amarin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Shekarata 9 ke nan ina aikin jinya a wani asibiti a Jidda, tare da matata da yaranmu uku, waɗanda biyu daga cikinsu a nan aka haife su. Mahaifiyata tana ƙauyenmu da ke kusa da Kazaure, a hannun ƙanena da matarsa. Ta haura shekara 70, jinta kuma ya fara raguwa. Rabona da gida shekara 3, saboda kuɗin jirgin mutum biyar ba abin da ake tarawa cikin wata biyu ba ne. Bara na aika mata da waya mai kyamara ta hannun wani alhaji ɗan garinmu, ina murnar cewa daga nan zan riƙa ganin fuskarta kowane mako.

Abin bai zo yadda na zata ba. Idan na kira, ƙanena ya miƙa mata wayar, sai ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta kawar da kai gefe, in yi ta kallon rufin ɗaki ko bakin mayafinta, kafin minti biyu kuma ta ce, "Allah ya yi albarka, ungo abinku." Alhali a da, lokacin da nake kiran ta ta murya kawai, mukan kai minti goma tana ba ni labarin damina da awakinta da wanda ya rasu a unguwa. Ƙanena ya tabbatar mini cewa ba ranar da ba ta tambayar lafiyata. Ni ne ɗanta na fari, ban taɓa jin sunana a bakinta ba, amma ban yi zaton hakan zai biyo mu har cikin waya ba.

Ban da wannan, hoton yakan tsaya cak, murya ta riƙa yankewa, datar da nake saya musu kuma takan ƙare kafin mako biyu. Galibi ƙarfe 8 na dare nake samun sukunin kira, wato ƙarfe 6 na yamma a gida, tunda muna gaba da Najeriya da awa biyu. Yaran kuwa Larabci ya fi zama a bakinsu, da sun ce "ina wuni" sai su gudu. Me ya kamata in yi? Shin in haƙura da bidiyon in koma kiran murya, ko akwai dabarar da ban sani ba?

Uwargidan Zango ta amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, tun kafin in kai ƙarshen rubutunka na gane inda matsalar take, domin ni ma 'yar fari ce, kuma na sha irin wannan da tawa mahaifiyar. Aure ne ya kawo ni Kumasi daga Sakkwato shekara 14 da suka wuce.

Ka tuna yadda kake gaishe ta idan kana gida. Ai ba fuska da fuska kuke zama ba. Kana durƙusawa ne daga bakin ƙofa, kanka a sunkuye, ita kuma tana daga ciki tana tsintar wake ko jan carbi, tana amsa maka ba tare da ta ɗago ido ba. Wanda bai san al'adarmu ba zai ce babu shaƙuwa, alhali shaƙuwar ce ta kawo kunyar. To, kiran bidiyo ya ɗauko fuskarka ya ajiye mata a tafin hannu, kusancin da ba ta taɓa yi da kai ba tun kana goye, ga kuma ƙaninka da surukarta tsaye a kanta suna kallo. Tsohuwar da ta shekara 40 tana ɓoye sunanka ba za ta iya wannan cikin dare ɗaya ba. Kiran murya ya yi mata daɗi ne saboda ya bar mata labulenta.

Abin da ya yi mini magani shi ne na daina neman ta riƙe wayar. Na ce wa ƙanwata ta riƙa jingina ta a jikin turmi, nesa kaɗan, ta buɗe murya, sannan ta tafi harkarta. Mahaifiyata tana zaune a tabarma tana gyaran zogale, ni ma a nan na jingina tawa a jikin kwanon da ke gabana ina yanka albasa, ba mai kallon wani. Rannan ne na fara jin hirar da na shekara ina nema. Ta tambaye ni nawa ake sayar da mudun gero a nan, na ce mata mun fi cin masara da rogo, ta yi salati, ta shiga ba ni labarin wata shekara da aka yi yunwa tana amarya. Sai da muka kusa awa ɗaya. Daga baya ƙanwata ta ce mini tana satar kallon wayar ta gefen ido duk lokacin da na sunkuyar da kai.

Game da yara kuwa, kana da makamin da ba ka yi amfani da shi ba, wato wasan jika da kaka. Abin da ba za ta iya gaya maka ba, za ta gaya wa ɗanka tana dariya, domin shi mijinta ne na wasa, 'yarka kuma kishiyarta ce. Ka koya wa babban ya ce mata, "Tsohuwa, ina tuwona?" ka ga yadda bakinta zai buɗe. Yarana sun tashi da Hausar Zango, wadda ba ta bambanta namiji da mace, sai su ce wa kakarsu "ya zo" maimakon "ta zo". Wannan kuskuren ne ya zama abin hirarsu, tana gyara musu tana yi musu tsiya, har aka kai ga tatsuniya. Yanzu daren Asabar ba ya wucewa sai sun ji "ga ta nan, ga ta nanku", su amsa "ta zo mu ji ta", kuma Gizo da Ƙoƙi sun koya musu Hausar da ni ban iya koya musu ba. Kada ka zauna a tsakiyarsu kana fassara kowace kalma. Ka koma gefe, ka bar su su yi ta fama da juna.

Mai Gyaran Waya ya amsa:

Salamu alaikum. Hajiya ta yi maganar zuciya, ni kuma zan taɓa ɓangaren ƙarfe, tunda sana'ata ke nan a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, kuma irin wannan koken kusan kullum sai an kawo mini shi.

Yallaɓai, lokacin da kake kira shi ne mafi muni a duk yinin. Daga magariba zuwa wajen ƙarfe 10 na dare kowa ya dawo gida ya ɗauki waya, turken sadarwa ɗaya da ke ɗauke da ƙauyuka da yawa sai ya cika, hoto ya riƙa tsayawa. Ga duhu ya fara shiga, kyamara kuwa ba ta iya aiki sai da haske, ga shi kuma lokacin alwala da rabon tuwo ne, hankalin gida duk ya rabu. Tunda Juma'a ranar hutu ce a wurinku, idan ba ka kan aiki ka gwada ƙarfe 11 na safe agogonku, wato ƙarfe 9 na hantsi a gida. Rana ta fito, an gama karin kumallo, layi kuma babu cunkoso.

A fito da ita tsakar gida, domin katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna rage ƙarfin sabis. A zaunar da ita a inuwa, hasken yana fuskantar ta, kada ya kasance a bayanta, in ba haka ba inuwarta kawai za ka gani. Ƙaninka ya duba saman wayar kusa da sandunan sabis. Idan ya ga harafin E, kada a wahalar da kai da bidiyo, ba zai yiwu ba. Idan H ne za a lallaba. Idan 4G ne to madalla. Kuma kada a nace wa layi ɗaya don an saba da shi. Ya ari layukan maƙwabta ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a daidai wurin da take zama, domin a ƙauye layin da ke da ƙarfi a bakin kasuwa yana iya mutuwa a bayan masallaci. Tunda jinta ya ragu, a saya mata ƙaramar sifika mai haɗuwa da waya ba tare da igiya ba, ta fi abin saƙalawa a kunne, wanda tsofaffi ba sa so.

Batun data kuwa, bari mu yi lissafi. A gwajin da na sha yi a shago, minti ɗaya na kiran bidiyo yana cin kimanin megabayit 5, na murya kuwa bai kai 1 ba. Hirar minti 20 ke nan megabayit 100, sau huɗu a wata 400. Gigabayit 1 ya isa wata guda har da saura. Idan tana ƙarewa cikin mako biyu, ba hirarku ce ke cinye ta ba. Ko dai wayar tana sabunta manhajoji da kanta, ko kuma tana kwana a hannun samarin gida suna kallon bidiyo. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, wannan ɓarnar ta fi ciwo. A cire duk manhajar da ba ta kira ba ce, a kashe sabuntawa ta kai tsaye, a kunna maɓallin rage cin data lokacin kira da ke cikin saitin WhatsApp, sannan a damƙa wayar a hannun mutum ɗaya mai amana, ni a ganina matar ƙaninka, tunda ita ce ke wuni a gida.

Abu na ƙarshe da ba na so ka yi wasa da shi: a sa wa asusunta na WhatsApp lambar sirri ta tabbaci mai mataki biyu, kuma a gargaɗi duk gidan cewa lambobi 6 da kan shigo ta saƙo ba a karanta wa kowa su, ko da mai kiran ya ce daga wajenka yake. Na ga gidajen da aka ƙwace asusun tsohuwa ta wannan hanyar, aka bi 'ya'yanta da ke waje ɗaya bayan ɗaya ana cewa tana asibiti a turo kuɗi.

Jikan Mai Wurno ya amsa:

Assalamu alaikum. Ni a Maiduguri nake zaune, amma dangin mahaifina suna Sudan, a Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da kakanninmu suka kafa bayan hijirar da ta biyo yaƙin Burmi na 1903. Ina ƙarami, kaset ake naɗa a ba matafiyi, ya yi wata biyu a hanya, mu taru a zaure mu saurari muryar gwaggona tana ambaton sunan kowa. Da bidiyo ya zo muka ɗauka mun rabu da wannan wahalar har abada.

Sai yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, a watan Fabrairun 2024 kuma layukan sadarwa suka ɗauke a kusan duk ƙasar. Mun yi makonni ba mu san wanda ke raye ba. Daga baya wani ɗan'uwanmu da ya gudu zuwa Gadarif yakan samu intanet na ɗan lokaci, ya turo saƙon murya na minti ɗaya, mu yi ta maimaita shi. Gwaggona ta rasu a cikin wannan hali. Duk hirarrakin bidiyon da muka yi da ita na tsawon shekaru babu ko ɗaya da ya rage, domin kira ba ya ajiyuwa. Abin da ke hannuna yau saƙonnin murya 11 ne, a ɗaya daga ciki tana lissafo mini kakanninmu har zuwa wanda ya taso daga ƙasar Sakkwato.

Saboda haka shawarata, ɗan'uwa, kada ka raina saƙon murya. Ba ya bukatar sabis mai ƙarfi, yana tafiya ko da tsakar dare ne layin ya dawo, kuma mai kunya ta fi sakewa idan ba a tsaye ake jiran amsarta ba. Ka roƙi matar ƙaninka ta riƙa naɗar maka addu'ar da Inna ke yi wa yara da labaran da take bayarwa, da saninta da yardarta, kai kuma ka kwafe su a wani wuri ban da wayar.

Tsohon Malami daga Damagaram ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na karanta tambayarka da amsoshin da aka ba ka, duka masu amfani ne. Ni zan yi magana ne daga ɓangaren waɗanda ake kira, domin shekarata 74, ɗana yana Faransa, 'yata tana Yamai, kuma na san abin da ke faruwa a gida kafin wayar ta yi ƙara da bayan an kashe ta.

Ranar da muka san yaron zai kira, mahaifiyarsa takan share tsakar gida, ta canja zane, ta ɗaura ɗankwali mai kyau. Idan ƙafarta ta kumbura sai ta rufe ta da bargo ta ce sanyi take ji. Ni kaina, lokacin da aka yi mini aikin yanar ido, sai da na yi wata guda ina cewa kyamarar ta lalace, don kada ya gan ni da bandeji hankalinsa ya tashi a ƙasar mutane. Ba ƙarya muke nufi ba, tausayi ne. Amma ka sani kyamara tana nuna inda aka juya ta ne kawai. Kai ma'aikacin jinya ne, ka fi ni sanin cewa "lafiya lau" a bakin tsoho ba ta nufin an auna jininsa. Ka samu wata a cikin dangi, ƙanwarta ko 'yarta, wadda za ta gaya maka gaskiyar cin abincinta da barcinta ba tare da ado ba.

Sannan akwai wanda ban ji an ba shi haƙƙinsa a wannan zancen ba, wato ƙaninka. Shi da matarsa su ne ke tashi da dare idan ta yi tari, su ne ke kai wayar wurin mai caji su biya, amma a rubutunka sun fito ne a matsayin masu miƙa waya. Ka riƙa kiran sa shi kaɗai, a ranar da ba ta Inna ba, ka tambaye shi gonarsa da yaransa, kada kuma kowace hira ta ƙare a lissafin kuɗin da ka turo. Na ga gidajen da wannan wayar ta raba wa da ƙani, na waje yana ba da umarni daga nesa, na gida yana haɗiye fushi.

Inda na ɗan saɓa da 'yata ta Kumasi shi ne, kada ka sa ran dabara za ta kawar da kunyar nan gaba ɗaya, kuma kada ka mai da hakan abin auna ƙaunarta. Wataƙila har ta koma ga Allah ba za ta dube ka ido cikin ido ba, a waya ko a fili. Kuma ka ce kuɗin jirgin mutum biyar ne ya hana ka zuwa shekara 3. To, kuɗin mutum ɗaya fa? Magabata sun ce zumunta a ƙafa take. Ina jin daɗin ganin ɗana a waya, amma idan an kashe ta, gidan yakan yi shiru fiye da yadda yake kafin ya kira, mahaifiyarsa kuma takan shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Ka zo kai kaɗai ko na kwana 10 ne, ka durƙusa a bakin ƙofar nan, yara su biyo baya idan Allah ya hore.

Baƙon Jidda ya sake rubutawa:

Assalamu alaikum. Na yi shiru ne har na gwada abin da kuka ce na tsawon Juma'a huɗu. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Mun mayar da kiran hantsin Juma'a, an kuma canja layi bayan ƙanena ya gwada guda uku a ƙarƙashin bishiyar darbejiyar da Inna take zama. Hoton bai tsaya ba sai sau ɗaya, ranar da aka yi hadari. Wayar tana hannun matarsa yanzu, kuma datar da na saya farkon wata har yau ba ta ƙare ba.

Juma'ar farko an jingina wayar a jikin randa, Inna tana ɓarar gyaɗa, ni kuma na koma gefe na tura babban ɗana gaba. Da ya ce mata "Tsohuwa, ina tuwona?" da irin Hausarsa, sai ta yi dariyar da rabona da jin ta tun rasuwar mahaifinmu, ta ce mijin da bai kawo cefane ba ba shi da tuwo. Ƙaramar 'yar har yanzu ɓuya take yi a bayan uwarta, ban matsa mata ba. A Juma'a ta uku, tana cikin wasa da yaron, sai ta ce masa, "Ka gaya wa wancan na bayanka ya rage aikin dare, na ga furfura ta fito masa." Ashe tana gani na.

Baba na Damagaram, maganarka ta tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Na kira ƙanena shi kaɗai, muka yi hirar da ba mu taɓa yi ba, a nan ne ya gaya mini cewa tun damina take fama da jiri idan ta miƙe, ita ce ta hana a faɗa mini. An kai ta asibiti a Kazaure an auna ta, jininta ya hau, an ɗora ta a kan magani. Na nemi hutun mako biyu bayan ƙaramar Salla, ni kaɗai zan zo.

Malam mai gyaran waya, ina da sauran tambaya: wace irin ƙaramar sola ce za ta iya cajin wayar da sifikar tare, wadda zan iya saya a Kano in wuce da ita gida?